Abin da Aka Fasa a Shagon Hajiya

Ƙarfe takwas saura kwata na safiyar Litinin wani tsoho ya shigo ofishin 'yan sanda yana haki, ya dafa kantar ofishin da hannu biyu.

"An kashe Hajiya," in ji shi. "Tana kwance a shago."

Baba Karau ake ce masa. Shekararsa saba'in da 'yan kai, bai taɓa zama a aji ba ko na yini guda, amma duk garin babu wanda ya san gilashi kamarsa, kuma ba sai ka tambaya ba, shi da kansa zai faɗa maka. Ya yi aiki a masana'antar kwalba har ranar da ta kama wuta yana ciki, ya fito da ƙafarsa. Mota ta taɓa kifewa da su su tara, shi kaɗai ya tashi ya kakkaɓe riga. Abu ɗaya ne a duniya ke kaɗa masa hanji, ƙarar ƙofar ƙarfe idan aka turo ta daga waje. Yana saurayi an kama shi kan satar da bai yi ba, ya shekara huɗu a tsare yana jiran shari'a kafin a tuna da shi. Tun daga nan ko hanya ce ta bi ta gaban caji ofis sai ya zagaya. Yau ga shi ya kawo kansa da kansa.

Sufeto ya fito daga ciki. Gajere ne, maganarsa ƙasa-ƙasa, kuma idan yana tambayar mutum ba fuskarsa yake kallo ba, hannunsa yake kallo.

"Wace Hajiya, Baba?"

"Mai shagon gilasai, ranka ya daɗe. Ni nake buɗe mata da safe."

"Ka taɓa ta?"

"Ban ko tsallake ta ba. Daga bakin ƙofa na juyo."

"Muje ka nuna mana."

Shagon dogon ɗaki ne, bango da bango katakai ne jere da tsofaffin tambulan, butoci, kwanoni da faranti, duk na gilashi. Hajiya takan sayo su daga gidajen da ake kwashe kaya, Baba ya tantance irinsu da zanensu, wata yarinya ta ɗauke su hoto a ɗakin baya, a sa a intanet a sayar. A bakin ƙofar wannan ɗakin na baya Hajiya take kwance, kanta kusa da ƙafar wani teburin ƙarfe. Tun jiya Lahadi take nan, ranar da ba a buɗe shago. Likita ya tsuguna a kanta, wata Saje mace ta tare hanya, babu mai wucewa ciki.

Baba ya kawar da kai. Shekara goma sha tara yana cin arzikin matar nan, ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga masa murya ba.

Ƙasan shagon kuwa fasassun gilasai ne ko'ina. An ɓalle kwaɗon ƙofar baya. Saje ta ce da alama ɓarayi ne, Hajiya ta rutsa su aka yi kokawa.

Sufeto ya sa bakin takalmi ya juya wani ɓallin gilashi. "Wannan ɓarna mai yawa ce, Baba?"

Da Baba ya san abin da zai biyo baya da ya kama bakinsa. Amma an tambaye shi gilashi, kuma gilashi ne abin da ba a tambayarsa ya yi shiru. Ya durƙusa, ya ɗauki ɓalli ɗaya ya shafa da babban yatsa, ya ajiye, ya ɗauki wani.

"Ranka ya daɗe, gilashi iri biyu ne. Akwai kiristal, wanda mutum ke zama a gaban dutsen washi ya yanka masa zane da hannu. Akwai na zubi, wanda ake narkawa a zuba a mazubi ya fito da zanensa. A ido kamar ɗaya suke. Amma shafa nan. Ka ji bakin zanen ya dakushe? Na zubi ne. Kiristal kaifi gare shi, ga nauyi, in ka ƙyasta shi da farce sai ya yi ta kuka kamar ƙararrawa. Ni ko an rufe mini ido zan raba maka su. Masu digiri sun zo nan sun sha kunya a hannuna."

Yana magana yana bin ɓallayen ɗaya bayan ɗaya, daga ƙofa har tsakar ɗaki. Can ya miƙe.

"An yi sa'a. Duk na zubi ne. Ko kiristal ɗaya ba a fasa ba."

"A wuri ɗaya ake jera na zubin?"

"A'a, a gauraye suke. Hajiya bisa tsayi take jerawa."

Sufeto ya dubi katakan. Nan tambulan a tsaye, kusa da shi gurbi, sai wani a tsaye, sai gurbi.

"Wato ana tsakiyar kokawa, mutum yana tsallake mai tsada yana ture mai araha," in ji shi. "Wannan ba kokawa ba ce, Baba. Zaɓa aka yi aka fasa. Wanda ya yi kuma ya san gilashi." Ya sauke ido kan yatsun tsohon. "Mutum nawa ne a garin nan suka san gilashi haka?"

Minti biyu da suka wuce Baba da bakinsa ya ba da amsar.

Ana cikin haka ƙanin Hajiya ya iso, wanda kowa ke kira Manaja. Shi ke rubuta 'yar takardar da ake manna wa kowane kaya a gindi, shi ke naɗe kaya ya kai wa masu saye. Ya shigo yana salati, ya dafe bango, sai da aka ba shi kujera. Da ya ɗan natsu Saje ta bi da shi ta ƙofar baya ya duba ɗakin hoto ko an ɗauki wani abu. Ya dawo yana share fuska.

"Sun ɗauke babban kwanon kiristal, yallaɓai. Ranar Juma'a aka kawo manyan kwanoni biyu daga wani gida, ɗaya kiristal, ɗaya na zubi. Na zubin ga shi can a farfashe. Na kiristal ɗin babu shi. Duk shagon nan babu abin da ya kai shi daraja."

"Ina kake jiya?"

"Ina gida, ciwon kai ya kwantar da ni. Ranar Asabar ma ban zauna a shago ba, yini na yi ina kai kaya."

"Ka san gilashi?"

"Ni? Rubutu kawai na sani, yallaɓai. Gilashi sai Baba."

"Su wa ke da makulli?"

"Yaya da ni. Sai Baba." Ya rage murya, amma ba yadda Baba ba zai ji ba. "Ba na son in ɗauki alhakin kowa. Amma na sha gaya wa Yaya, mutumin da ya taɓa zama gidan yari ba a ba shi makulli."

Baba ya buɗe baki zai ce ba a taɓa yanke masa hukunci ba, Sufeto ya riga shi ya ce, "Baba, za mu koma ofis ka ba mu bayani."

Ɗakin da aka zaunar da shi yana kallon wani lungu, a ƙarshen lungun kuwa ƙofar sel ce. Duk sanda aka buɗe ta aka rufe, sai Baba ya ji ƙarar har cikin haƙoransa. A shekarunsa ya sani sarai, in ya shiga can wannan karon ba da ƙafarsa zai fito ba. Wancan karon ma sata ce. Wannan kisa ne.

"Ina kake jiya da rana?" in ji Sufeto.

"Ina ɗakina."

"Wa ya gan ka?"

"Ni kaɗai nake zaune, ranka ya daɗe. Matata ta rasu, 'ya'ya sun watse."

"Kwanon da aka ɗauke, ka san darajarsa?"

"Ni na gano shi."

"Ka san mai saye?"

"Na san masu saye da yawa." Ya ji abin da ya faɗa, ya runtse ido. Kowace amsa ta gaskiya sai ta ƙara matso da shi lungun nan.

Sufeto ya turo masa takardar bayani da biro. "Karanta ka sa hannu."

"Ban iya ba. Dangwale nake yi."

"To yaya kake rubuta sunan zane?"

Baba ya zaro wasu takardu a naɗe daga aljihu. A kan kowacce akwai inuwar zane baƙi-baƙi. "Takarda nake ɗorawa a jikin gilashin in goga fensir, zanen ya fito. Wannan haƙorin kada nake ce masa, wannan mafici, wannan idon fara. Yarinyar nan mai hoto ta kai kwamfuta ta nemo sunansu na Turawa. Ni ba ruwana da sunan da suka sa."

A nan Saje ta shigo da wata jakar leda. An ɗauke gawa, ta ce, ta tattaro ɓallayen da ke ɗakin hoto. Ta zazzage su a kan tebur. A cikinsu akwai gindin kwano, mai faɗin tafin hannu, da zanen tauraro, da 'yar takarda manne a tsakiya.

Hasken taga ya sauka a kai, sai ga launuka sun watsu a bango, ja da kore da shuɗi. Baba ya miƙa hannu ba tare da an ba shi izini ba. Yana shafa gefen zanen ya janye yatsa, jini ya ɗan tsattsafo. Ya ɗaga gindin ya auna nauyinsa a tafi, ya ƙyasta da farce. Duk da a fashe yake, sai da ya yi 'yar siririyar ƙara.

"Wannan ai shi ne," in ji shi. "Wannan ne na kiristal ɗin. Shi aka fasa."

Sufeto ya juya gindin ya karanta takardar. "An rubuta na zubi."

"Takardar ƙarya take yi."

"Yi mini bayani a hankali."

"Ranar Juma'a ba na nan, na je asibitin ido. Hajiya da Manaja suka duba da kansu, suka ga ɗaya ya fi sheƙi suka ce shi ne kiristal, Manaja ya rubuta ya manna. Ranar Asabar na zo na taɓa su na yi dariya. Na ce kun sa wa bawa rigar sarki. Mai sheƙin sabo ne, na zubi, har da layin haɗin mazubi a gefensa in ka shafa. Wannan mai dauɗar shi ne na gaske, wanki kawai yake so. Tauraronsa tsini ashirin da huɗu, ƙirga ka gani. Hajiya ta ce wa yarinyar ta canza takardun."

"Manaja yana wurin?"

"Ya fita kai kaya."

Sufeto ya ƙirga tsinin da bakin biro. Ashirin da huɗu. Ya jingina da kujera.

"In maganarka gaskiya ce, wanda ya yi aikin nan ba da yatsa ya zaɓa ba. Juya kaya ya riƙa yi yana karanta gindinsu. Amma Hajiya ta rasu, Baba. Saura mutum ɗaya da zai ce ka faɗi haka ranar Asabar, ba yau ka ƙirƙira ba."

Aka aika aka zo da mai hoto. Yarinya ce 'yar shekara ashirin da biyu, idanunta sun kumbura don kuka, ta rungume jakar kyamara a ƙirji. Ba ta dubi Baba ba.

"Ranar Asabar Baba ya ce wani abu kan kwanoni biyun nan?" in ji Sufeto.

"Ban ji ba, yallaɓai."

"Hajiya ta sa ki canza takardu?"

"A'a. Ni hoto kawai nake ɗauka. Ban san komai ba."

A ƙarshen lungu aka turo ƙofar.

"'Yar nan," in ji shi a hankali, "ki dube ni. Ni ne fa Baba."

Ta ƙara sunkuyar da kai.

Sufeto ya canza magana kamar ya manta da waccan. "Gilashi yana da wuyar ɗauka a hoto? Ni na gwada da waya, sai ya fito kamar ruwa."

Ta ɗan sami numfashi. "Sai an iya, yallaɓai. Na zubi a kan farin allo nake ɗora shi, hoto biyu ya isa. Kiristal kuwa sai na wanke shi da ruwa mai ɗumi, in shimfiɗa baƙin ƙyalle, in kashe fitilar ɗaki in haska shi daga gefe, don yankan ya fito. Sannan in ɗauki baki, in ɗauki gefe, in kife shi in ɗauki gindi. Masu saye tauraron gindi suke fara nema."

"Ba kya taɓa sa na zubi a baƙin ƙyalle?"

"Hajiya ta hana. Ta ce yaudara ce."

"Nuna mini aikin Asabar."

Hannunta ya tsaya a kan zif ɗin jakar. Saje ta karɓa ta kunna kyamarar, ta riƙa komawa baya. Ga tambulan, ga buta, sai ga babban kwano a kan baƙin ƙyalle yana walƙiya. Hoto na gaba an kife shi. Ga tauraron, ga 'yar takardar a tsakiya, rubutun ya fito raɗau: na zubi. A gefen hoton kuma ga wani tsohon yatsa mai tabon ƙuna yana nuna tsinin tauraron.

"Takarda ta ce zubi, ke kuma kin sa shi a baƙin ƙyalle," in ji Sufeto. "Wa ya gaya miki kiristal ne?"

Yarinyar ta fashe da kuka. "Baba ne. A gabana ya faɗa. Hajiya ta ce in canza takardun, na ce bari in gama hoto, lokacin tashi ya yi na manta. Da na ji an fasa shi sai na ga laifina ne, na ji tsoro kada a ce da hannuna a ciki. Baba, ka yafe mini."

"Share hawayenki," in ji Baba. "Tsoro ba a kanki aka fara ba."

Da aka fita da ita Sufeto ya daɗe yana juya biro. Baba ya fara gyara hula, yana jiran a ce ya tafi.

"Tukuna," in ji Sufeto. "Kai ka san na gaske, yarinyar ma ta sani. Saura mai makulli ɗaya wanda bai sani ba, kuma rubutunsa ne a gindin. Amma wannan tunani ne, alƙali ba ya ɗaure mutum da tunani. Lauya zai ce kai ka fasa na gasken da gangan don ka ɓatar da sawu. Sai na ga ɗaya kwanon a hannun wani. Saje, kawo ankwa."

Ƙarfen ya zagaye wuyan hannun Baba. Sanyinsa bai canza ba, shekara hamsin.

"Ranka ya daɗe..."

"Ina so ya gan ka a haka. Ka yi shiru kawai. Amma ba zan ɓoye maka ba, Baba, in abin da nake zato bai faru ba, yau a nan za ka kwana."

Wajen ƙarfe uku Manaja ya zo sa hannu a bayaninsa. Ya ga tsohon a kan benci da ankwa, ya girgiza kai kamar mai tausayi.

"Ya amsa, yallaɓai?"

"Zai amsa. Abin dariyar ma, duk wanda aka ba kwanon nan ya ɓoye, wahalar banza yake yi. An yi kuskuren takardu. Na kiristal ɗin ne aka fasa, wanda aka ɗauke na zubi ne. An ce har layin haɗi gare shi a gefe, in ka shafa za ka ji."

Biro ya tsaya a hannun Manaja. Sai ya yi 'yar dariya. "Tsufa ne ke damun Baba. Ni da hannuna na rubuta."

"Ƙila. Sa hannu a nan, ka je ka ji da jama'a. Allah ya ji ƙanta."

Yana fita Sufeto ya ɗauki makullin wata tsohuwar mota mara alama. Aka sa Baba a baya kusa da Saje.

Manaja ya nufi gidan rasuwa. Ya tsaya a ƙofa, mutane suka kewaye shi suna masa gaisuwa, ya shige ciki. Suka yi fakin a nesa suka jira. Minti ashirin. Minti arba'in. Rana ta fara karkata. Baba yana kallon ƙofar gidan, yana jin ƙarfen na cin fatarsa, yana lissafin ko bargo ake bayarwa yanzu ko har yau siminti ne tsura. Sufeto ya duba agogo sau biyu. A na uku ya miƙa hannu zai tayar da mota.

Sai ga Manaja ya fito ta ƙaramar ƙofar gefe, ya waiga dama da hagu, ya shiga motarsa.

Suka bi shi har bayan gari, inda yake gina gida bai ƙarasa ba. Babu ƙofa, babu taga, sai tulin yashi da bulo. Ya shige ɗakin ƙarshe. Sufeto ya ba shi minti biyu, sannan suka bi shi a hankali, Baba a tsakiya.

Yana tsugune a gaban wani buhun siminti da ya yaye. Kwanon yana kan cinyarsa, yana bin gefensa da babban yatsa, yana zagayawa, yana sake zagayawa. Ya ƙyasta shi da farce. Wata gajeriyar ƙara ta fito, ƙwas, ta mutu nan take.

"Ka sami layin?" in ji Sufeto.

Manaja ya zabura, kwanon ya kusa suɓucewa. Ya dubi Sufeto, ya dubi Saje, ya dubi tsohon.

"Tsintarsa na yi. Wani ne ya kawo shi nan don a..."

"Wa ya san za ka zo nan? Gawar yayarka ko wanka ba a yi mata ba, ka bar mutane ka zo shafa kwano."

Manaja ya miƙa wa Baba kwanon da hannu biyu, kamar yadda ya saba yi a shago. "Baba, duba mini. Don Allah. Da gaske ne?"

Baba ya ɗaga hannuwansa a haɗe, ya ɗora yatsa ɗaya a wani wuri ƙasa da baki. "Ga shi nan. Kana ta tsallake shi. Irinsa goma za ka samu a kasuwa kafin magariba."

Manaja ya zauna daɓas a kan yashi. Da ya fara magana bai ɗaga kai ba.

"Yaya ta gano ina musanya kaya a kwali. Mai saye ya biya kiristal, in naɗe masa na zubi, in sayar da na gasken a gefe. Ta ce ranar Litinin in ajiye mata makulli. Shekara goma sha biyu ina mata bauta, na ce ba zan fita hannu wofi ba. Na je jiya da azahar in ɗauki kwanon. Ban san za ta zo ba. Ta riƙe mini riga, na ture ta. Turewa kawai na yi. Kanta ya bugi tebur. Na ɓalle kwaɗon, na fasa kaya don a ce ɓarayi ne."

"Me ya sa ka tsaya karanta gindinsu?"

"In ba ta, shagon nawa ne. Ya zan fasa kayana masu tsada?"

"Shi kuma wannan tsohon?"



Saje ta zaro ɗan makulli ta buɗe ankwar. Ta cire ta daga hannun Baba, da ɗuminta ta maƙala wa Manaja. Ta sa kwanon a leda, ta tasa Manaja gaba zuwa mota.

Sufeto ya tsaya. "Ka yi haƙuri da abin da na yi maka, Baba. Ka tafi gida."

"Gida gida?"

"Gida. Gobe ka zo ka dangwala a matsayin shaida. Zo mu sauke ka."

Baba ya dubi motar, ya dubi wanda ke zaune a inda ya taso. "Na gode, ranka ya daɗe. Ina son in ɗan sha iska."

Ya zauna a kan bulo har ƙurar motar ta kwanta. A nan ne kukan Hajiya ya zo masa, wanda tsoro ya hana shi yi tun safe. Ya yi abinsa a hankali, ya share da gefen hula.

Wani magini daga kangon da ke maƙwabtaka ya leƙo da cebur a kafaɗa. "Baba, lafiya? Me 'yan sanda suka zo yi?"

"Mai kisa muka kama, ni da Sufeto," in ji Baba Karau. "Yaron yana da ƙoƙari, amma yawancin aikin ni na yi."

Sai da ya yunƙura sau uku kafin ƙafafunsa su yarda su ɗauke shi.